Tarihin Wasan Ban Dariya Mai Ƙaramin Jari a Nijar: Daga Fim Mai Milimita 16 Zuwa Wayar Hannu

1. Gabatarwa

A ƴan shekarun nan samari da ƴammata a Yamai da Maraɗi da Damagaram sun duƙufa ga shirya gajerun wasannin ban dariya da wayar hannu, suna sakin su kashi-kashi a YouTube da Facebook da TikTok. Babu ma'aikatar da ta ɗauke su aiki, babu wani jarin a zo a gani, sau da yawa kuma babu rubutaccen wasan da suke bi. Mai kallo zai iya ɗauka cewa intanet ce ta zo da wannan sana'a. Amma in aka waiwayi tarihi za a tarar an yi shekara saba'in ana irin wannan aiki a ƙasar, kuma hanyar da ake bi ba ta sake ba sosai, ko da yake kayan aiki sun sake.

Wannan maƙala za ta bi diddigin hanyar tun daga 1954. Abin da take son nunawa shi ne, a duk lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci, fasahar baki ce take cike gurbinsu, watau ƴan wasa su shirya magana nan take ba tare da takarda ba. Wannan dabara ta sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma ta bar matsaloli biyu da suka shafi masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci: wane harshe ake wasan da shi, da kuma me ya rage a hannu bayan an gama dariya.

2. Tushen gargajiya

Tun kafin zuwan silima akwai masu sana'ar ban dariya a ƙasar Hausa. Ƴan kama suna kwaikwayon malamai da wa'azinsu, su mai da shi zancen tuwo da fura. Yara suna tashe a watan azumi. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari suke kwaikwayon sarakuna da manyan ma'aikatan gwamnati, suna ƙera kayan wasansu da karan hatsi. A waɗannan duka ana sanin jigo da matsayin kowane ɗan wasa tun da farko, ita kuwa magana sai an shiga fage take fitowa.

Akwai kuma wasan barkwanci tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu, wanda ya ba mutum damar ya yi wa abokin wasansa ba'a a bainar jama'a ba tare da an ɗauke ta zagi ba. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2014. Muhimmancinta ga wannan tarihi shi ne, ta tanadar wa masu shirya fim ƴan wasan da suka riga suka ƙware wajen mayar da magana, da kuma ƴan kallon da suka san ƙa'idar wasan.

3. Damouré, Lam, Rouch da Tallou

Jean Rouch ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan ayyukan hanya, a nan ya haɗu da Damouré Zika, wani saurayi daga zuriyar Sarkawa masunta, wanda daga baya ya zama ma'aikacin lafiya. A 1954 da 1955 suka ɗauki fim ɗin Jaguar, labarin samari uku da suka tashi daga Ayorou suka tafi cin rani ƙasar da ake kira Gana a yau: Damouré, da Lam Ibrahim Dia Bafillace makiyayi, da Illo Gaoudel masunci. Kyamarar da aka yi aiki da ita mai milimita 16 ce, ana ɗaure mata zare kamar agogo, ba ta kai rabin minti tana aiki sai an sake ɗaurewa, kuma ba ta ɗaukar murya. Saboda haka sai bayan shekaru aka zaunar da Damouré da Lam gaban majigi, suna kallon kansu suna sharhi, suna yi wa juna ba'a, ana ɗaukar muryoyinsu. Wannan sharhi shi ne ya zama maganar fim ɗin, wanda bai fito ga jama'a ba sai 1967. Ashe rashin kayan aiki ne ya haifar da salon da aka fi yabon fim ɗin a kansa.

A Petit à petit, wanda ya fito a farkon shekarun 1970, an juya al'amari. Damouré ya tafi Paris don ya ga yadda ake gina dogayen benaye, sai ya shiga tare Faransawa a titi yana auna kawunansu yana duba haƙoransu, kamar yadda masu binciken Turai suka saba yi wa mutanen Afirka. Ba a gina wani dandali ba. Titin birnin da ƙarfin halin ɗan wasa guda su suka wadatar.

Misalin da ya fi kusa da abin da matasa suke yi yau shi ne Cocorico Monsieur Poulet na 1974. Abokan huɗu, Damouré da Lam da Rouch da Tallou Mouzourane, suka haɗa farkon sunayensu suka kira kansu Dalarouta. Labarin na mai fataucin kaji ne da yake fita ƙauyukan da ke kewaye da Yamai cikin wata tsohuwar mota Citroën 2CV da aka laƙaba wa suna Patience, watau Haƙuri. Motar ta Lam ce ta ainihi, ba ta da birki, ba ta da fitila, ba ta da takardu. Rouch ya ba da labari cewa lalacewar da take yi a kan hanya ita ce take sake tsarin labarin kullum. Har ƙetare kogin Kwara da aka yi da ita ba ta kan gada ba, wanda shi ne wurin da ƴan kallo suka fi tunawa, daga halin motar ya samo asali. Rouch yana riƙe da kyamara a kafaɗa, Moussa Hamidou yana ɗaukar murya, sauran kuwa su ne ƴan wasa, su ne makanikai, su ne masu tura mota.

Ana iya taƙaita hanyar Dalarouta kamar haka. Ana yarda da jigo da baki kafin a fita. Kowa yana wasa da halin da aka san shi da shi, don haka ba ya bukatar haddace komai. Wuri da kaya na ainihi ne. Ba a cika maimaita ɗauka ba, domin fim yana da tsada: naɗi mai mita 30 ba ya kai minti uku, mai mita 120 kuwa minti goma sha ɗaya ne kawai. Duk abin da ya faru ba shiri, in dai ya ba da dariya, sai a bar shi cikin labari.

4. Moustapha Alassane

Moustapha Alassane (1942–2015) makanike ne tun asali. Yana yaro yana zana hotuna yana haska su da fitila don nishaɗin mutanen garinsu. Ya koyi aikin fim a cibiyar binciken da ta zama IRSH a Yamai, ya kuma je Kanada ya ga aikin Norman McLaren na motsa zane. A 1966 ya fito da finafinai biyu da suka kafa ba'ar siyasa da ta zaman jama'a a silimar Nijar. Bon voyage Sim ɗan gajeren zane ne na shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da dukan faretin da jawaban da aka saba. Le Retour d'un aventurier kuwa labarin saurayi ne da ya komo daga tafiya da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Amurkawa suka addabi ƙauye. A nan Zalika Souley da Djingarey Maïga suka fara fitowa. A 1972 ya yi F.V.V.A., watau mace, gida, mota, kuɗi, wanda ya yi wa burin sabon ma'aikaci ba'a.

Abin lura game da Alassane shi ne yadda ya rage dogaro ga kowa. Shi ne mai zane, shi ne mai ƙera ƴan tsana, shi ne mai gyaran na'ura in ta lalace. Daga baya ya koma Tawa, ya buɗe masauki, ya mai da wani sashe nasa ɗakin aiki, ya ci gaba da shirya finafinai. Ya nuna cewa kwaɗo da aka zana a takarda yana iya faɗin abin da ɗan wasa ba zai iya faɗa a fili ba a zamanin jam'iyya ɗaya.

5. Inda kuɗi suke tafiya, da abin da ya jawo wa harshe

Duk da wannan tsimi, akwai kashe-kashen da ba su da makawa. Babu wurin wanke fim a Nijar, saboda haka sai an aika abin da aka ɗauka Faransa, a can ake wankewa, a can kuma yawanci ake yankawa da haɗawa. Ofishin silima na ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, wanda aka buɗe a 1963, shi ne ya ɗauki nauyin irin wannan aiki ga masu fim da yawa na Afirka ta Yamma. Gidajen silima kuwa suna hannun kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi samun riba da finafinan Amurka da Indiya da Faransa. Sakamakon haka fim ɗin da aka ɗauka a Yamai ya fi sauƙin ganuwa a bukukuwan silima na Turai da cibiyoyin al'adun Faransa bisa ga unguwannin Yamai.

Wannan ya shafi harshe kai tsaye. Yawancin maganar da ke cikin finafinan Dalarouta Faransanci ne, irin na titin Yamai, mai daɗi da ƙirƙira, amma wanda mafi yawan mutanen ƙasa ba sa ji a lokacin. Oumarou Ganda (1935–1981) ya bi wata hanya, ya ba Zabarmanci wuri a Cabascabo da Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Duk da haka Hausa, harshen da ya fi yawan masu magana a ƙasar, ba ta sami babban rabo a silimar wannan zamani ba. Ta wata ƙofa ta shiga.

6. Rediyo, telebijin da Samariya

An buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraro a 1962, aka fara telebijin na makarantu a 1964, sa'an nan aka kafa hukumar ORTN a 1967. Wasan rediyo ba ya bukatar wanke fim, ba ya bukatar tufafi, makirufo da faifai sun isa. A nan wasan kwaikwayo na Hausa ya sami gida, musamman a hannun ƙungiyar ORTN ta Damagaram, wadda Yazi Dogo, malamin makaranta, ya yi suna a cikinta. Bayan juyin mulkin 1974 gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya, ta kuma fara bikin matasa na ƙasa a 1976, inda jihohi suke gasar wasan kwaikwayo da waƙa da rawa. Da telebijin na ƙasa ya kankama a ƙarshen shekarun 1970, sai ya riƙa ɗaukar waɗannan wasanni yana nunawa.

Janet Beik, wadda ta zauna da waɗannan ƙungiyoyi ta kuma buga littafi a kansu a 1987, ta bayyana yadda suke aiki. Ana zaɓen jigo, a tsara fitowa-fitowa a taƙaice, a raba matsayi, sa'an nan magana ta ginu wajen gwaji, kowane ɗan wasa yana ƙara nasa. Don haka ta kira wannan wasa fasahar baka ta zamani. Hanyar ita ce ta Dalarouta, sai dai a nan harshen na ƴan kallo ne. Dariyar ma sau da yawa a kan harshe take: tsohon soja mai cusa Faransanci inda bai dace ba, mushe mai jin ya fi ƙarfin Hausa, baƙauye gaban kumandan da tafinta a tsakani. Irin wannan aka gani a Kaduna a wasan Samanja na Usman Baba Pategi, wanda ya gina ban dariyarsa a kan Hausar bariki.

Amma wannan gida yana da maigida. Gwamnati ita ce mai rediyo, ita ce mai telebijin, ita ce mai shirya gasa, kuma jigogin da ake so sanannu ne: auren dole, almubazzaranci wajen biki, cin hanci, gudun ƙauye zuwa birni. Ƴan wasa sun sami masu kallo, sun rasa wani abu na ƴancin da Alassane yake da shi. Bugu da ƙari, kaɗan ne daga cikin wasannin aka rubuta aka buga. In aka kwatanta da Nijeriya bambancin a fili yake. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi sun fara a rediyon Kaduna, amma da aka buga Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu sai suka shiga makarantu, ana karanta su har yau. A Nijar kuwa, a daidai lokacin da ma'aikatar yaƙi da jahilci, wadda ta fara aiki a 1963, take neman abin da sababbin masu karatu za su karanta, da kuma makarantar gwaji ta Hausa da aka buɗe a Damagaram a 1973, wasannin da jama'a suka fi so suna kan faifai, ba su kai ga takarda ba.

7. Koma baya da zuwan bidiyo

Faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980 ta rage abin da gwamnati take kashewa a kan al'adu. Masu fim na Afirka sun taru a Yamai a watan Maris 1982 suka fitar da sanarwa da ke neman a gina kasuwar silima ta cikin gida, amma hukumar rarraba finafinai ta CIDC, wadda Inoussa Ousseini ya shugabanta, ta durƙushe bayan ƴan shekaru. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga waje. Gidajen silima suka yi ta rufewa. Fim ɗin Rahmatou Keïta, Al'lèèssi, ya nuna halin ƙuncin da Zalika Souley ta shiga bayan wannan zamani ya wuce.

Gurbin da aka bari bidiyon Kano ne ya cike shi. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa finafinan Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, kaset da faifan CD suka ƙetaro iyaka ta Maraɗi da Ƙonni da Damagaram. A karo na farko fim ɗin ban dariya na Hausa ya tsaya da ƙafarsa da kuɗin masu saye, ba da tallafin wata gwamnati ba. Hanyar aikin ma ba baƙuwa ba ce, domin ƴan wasan barkwanci na Kano su ma da jigo suke shiga fage. Sai dai Hausar da ta mamaye allo ta Kano ce, da kalmomin aro daga Ingilishi.

8. Zamanin intanet

Wayar hannu ta kawar da manyan shingaye biyu da suka tare Alassane da Ganda. Ba a aika komai waje don wankewa, kuma ba a neman izinin mai gidan silima ko na gidan telebijin kafin a kai ga ƴan kallo. Maimaita ɗauka ba ya cin kuɗi. Abin da ya rage shi ne kuɗin waya da makirufo, da wutar caji, da sayen intanet, da abincin ƴan wasa da sufurinsu. Murya ita ce har yanzu take fi ba da wahala, domin mai kallo yana haƙuri da hoto maras kyau, amma ba'ar da ba a ji sosai ba ta mutu.

Batun harshe ya dawo da sabuwar kama. Mai wasa da Faransanci yana neman masu kallo daga Dakar zuwa Abijan, hanyar da Mamane, ɗan Agadas mai ba'ar Gondwana a rediyon RFI, ya bi ya yi suna. Mai wasa da Hausa yana da kasuwa mai faɗi a Nijeriya, amma yana jin nauyin ya sassauta karin harshensa: ya bar tahi ya ce tafi, ya bar lakwal ya ce makaranta. Mai wasa da Zabarmanci, ko mai gauraya harsunan uku kamar yadda ake yi a Yamai, ya fi kusa da unguwarsu, kasuwarsa kuma ta fi ƙanƙanta. Haka nan batun adanawa bai warware ba. Wasan da ke kan shafin wani kamfani yana iya ɓacewa ranar da aka rufe shafin ko aka sace wayar.

Akwai kuma wani abu sabo. Wasan intanet yana tafe da rubutu: take, da bayani, da fassarar da ake sawa ƙasan hoto, da sharhin masu kallo. Dubban mutane suna karanta Hausa suna rubuta ta a nan kullum, yawanci ba bisa ƙa'idar da aka tsayar a Bamako a 1966, aka daidaita a taron Yamai na 1980, gwamnati kuma ta tabbatar a 1999 ba. Ana rubuta ou a wurin u, ch a wurin sh, ana barin ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa.

9. Kammalawa

Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, bukatar abin karantawa mai jan hankali ta ƙaru. Tarihin da aka bi a sama yana nuna ayyuka uku da ba su fi ƙarfin cibiyoyin bincike ba. Na farko, a ceto faya-fayan wasannin rediyo da telebijin na shekarun 1970 da 1980, a kwafe su, a rubuta maganar yadda aka faɗe ta, da karin harshenta da kalmomin aronta, tun ƴan wasan da suka rage suna da rai su yi bayani. Na biyu, a zaɓi wasu daga ciki a buga su ƙananan littattafai don azuzuwan manya da makarantu masu harshe biyu. Na uku, a kusanci masu wasan intanet da ɗan littafin ƙa'idojin rubutu da allon waya mai haruffa masu lanƙwasa, a kuma nemi yardarsu a ajiye kwafin ayyukansu a IRSH ko CELHTO.

Ba shawara ba ce a tilasta musu rubuta wasa kafin su ɗauka, domin ƙarfin wannan fasaha tun daga Jaguar yana cikin maganar da ake yi nan take. Rubutun ya biyo baya, kamar yadda ake yi wa tatsuniya da waƙar baka. Sharhin Damouré da Lam ya tsira saboda an ajiye shi a ma'adanar finafinai a Faransa. Na ƴan wasan Hausa na Damagaram da na matasan yau zai tsira gwargwadon abin da aka kwafe aka rubuta a cikin gida.